Antire-Kushen Inna Hassana

Tun da na dawo daga Abijan bakina bai huta ba. A gidan biki a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har a layin asibiti wata da ban ma san sunanta ba ta dafa ni ta ce, "Hajiya Talatu, wai da gaske ne a can mace sai ta kama ɗaki ta zauna abinta, ba miji ba dangi?" Na gaji da faro labari daga tsakiya ana katse ni da gaishe-gaishe. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe. Duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifiyata, Iya, tagwaye ne su: ita ce Usaina, 'yar'uwarta Hassana. Tare aka aurar da su ga wasu dillalan shanu biyu, aminan juna, tare aka tafi da su Abijan. A can aka haife ni, a unguwar Tireshibil. Ban fi shekara bakwai ba mahaifina ya tattara mu muka dawo Katsina, Inna Hassana kuwa ta zauna da mijinta. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya. Aka yi ta aika mata ta dawo gida, kullum amsarta ɗaya ce, sai baɗi. Har na yi jikoki baɗin nan bai zo ba.

Wata ranar Juma'a ƙanena Sani, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya kira ta a waya ya buɗe muryar kowa ya ji. Layin yana ta yankewa. Ya ce, "Inna, yanzu a ina kike zaune? Wa ke kula da ke?"

Ta ce, "Ina nan cikin antire-kushena, ɗan nan, ina jiran ikon Allah."

Muka kalli juna. Farkon kalmar ba wanda ya kama shi, amma ƙarshenta kowa ya ji shi sarai. Idon Sani ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Kun ji ko? Kushewa. Tsohuwa tana kiran ɗakinta kushewa, mu kuma muna nan gida cike da mutane muna cin tuwo." A wurin aka yanke shawara a je a taho da ita, kuma ni za a aika, tun da ni ce haifaffiyar can. Aka kuma haɗa baki kada kowa ya faɗa wa Iya wannan kalma, don kada hankalinta ya tashi. Da ma kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfanin komai.

Na shiga ɗakinta na ɗaga murya na ce za ni in taho mata da Inna. Ni ce 'yar fari, Iya ba ta kiran sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ran nan ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Ta ce, "Ke, in kin kawo mini ita na gan ta, ko washegari aka ɗauke ni ban yi asara ba." Na ce insha Allahu tare za mu shigo ƙofar nan. Da wannan alkawari na kama hanya, da ƙullin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya.

Daga Katsina zuwa Legas ba abin da zan faɗa muku sai ciwon baya. A Legas na shiga babbar motar da ke bin gaɓar teku, Allah kuma ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Rabi, wata doguwar mace mai dariya da ƙarfi, matar wani mai sayar da nama a unguwar Ajame ta Abijan. Ganin gida ta je Kano, tana komawa. Da ta ji ban san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, ta ce, "Ba komai. Duk abin da aka ce miki ki ce wi, wato e, ki yi murmushi." Ƙasashen hanyar nan kuwa 'yan mitsi-mitsi ne. Kafin mutum ya gyara zama an ce a sauko, an shiga wata ƙasar, a fito da fasfo da katin rigakafi. A Gana na ɗan sami sararin numfashi da guntun Turancina na firamare. A can ne kuma na ci wani dunƙulen masara mai tsami a naɗe cikin ganye, na cinye ne kawai don yunwa ba ta san zaɓe ba.

A iyakar ƙarshe wata ma'aikaciya ta buɗe jakata ta ɗago ƙullin daddawa ta yi mini tambaya. Na ce wi, na yi murmushi. Ta sake tambaya, na sake wi. Fuskarta ta canza. Hajiya Rabi ta rugo tana tafa hannu, ta ce, "Ke! Tambayarki take ko naman daji ne ya ruɓe!" Aka kwance ƙullin, matar ta kai hanci, sai ta fashe da dariya tana cewa sumbala, sumbala, wai sunan daddawa ke nan a wurinsu. Har ta roƙi ɗan kaɗan na ba ta. Da muka koma mota na ce wa Hajiya Rabi daga yau ta riƙe wi ɗinta, ni ba na so.

Mun shiga Ajame rana ta yi sanyi. Ni dai na ga tashoshi a rayuwata, amma ban ga inda mutum ke tafiya da ƙafafun wasu ba sai nan. 'Yan kamasho na rataye a ƙofar ƙananan motocin da suke kira baka suna ihun sunayen unguwanni, masu turin kaya na ihu, masu wa'azi na ihu. Wayata ta mutu, lambar Inna tana ciki. Hajiya Rabi ta ce ba inda za ni yau, a gidanta zan kwana.

'Ya'yanta mata suka tare ni da "Bonswar, Tanti," wato barka da yamma, Gwaggo. Hausarsu in sun yi ta sai ka tausaya mata, kowace jimla rabinta Faransanci ne. Babbar ta durƙusa ta ce, "Tanti, za ki ci Garba?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Sunan maigidana ke nan, wanda tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta shi ba, yau ma alƙalami ne ya faɗa ba ni ba. Na ce, "Me kika ce, yarinya?" Ta maimaita, har da ƙarin bayani wai da barkono ya fi daɗi. Hajiya Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe abinci ne, garin rogo da ake turarawa mai suna aceke, da soyayyen kifi, kuma Hausawanmu ne suka fi sayar da shi har sunan ya bi abincin. Na ci, ya yi daɗi ƙwarai. Amma duk zamana a garin ban taɓa iya saye da bakina ba, sai dai in nuna da yatsa in ce a ba ni na mai sunan Malam.

Da safe muna shan shayi a barandar bene, Hajiya Rabi ta riƙa nuna mini ƙofofin maƙwabta. Waccan ma'aikaciyar banki ce, ita da 'ya'yanta biyu, ba miji. Waccan 'yan mata uku ne suka haɗa haya. Wancan tsoho ne da jikarsa. Waɗancan sun haifi uku tare amma har yau ba a kai goro ba. Na ce, "To ina masu gida irin na mutane?" Ta ce, "Ga mu nan, ni da Alhaji. Muna nan, ba mu ƙare ba, sai dai a benen nan mu ne abin kallo." Na yi salati, na ce a raina lallai gara da na zo, dole in fitar da Inna daga wannan gari.

Ita ta raka ni Tireshibil. Muna hawa gada na hango ruwan nan shimfiɗe, wani wari na gishiri da kifi da hayaƙi ya bugi hancina, sai kawai na ji hawaye. Ban san na ajiye warin nan a cikina ba. Na tuna mahaifina yana riƙe da hannuna a tashar jirgin ruwa, ya saya mini soyayyar ayaba a takarda, ina ci ina ƙona baki.

A Biyafara, wani yanki na Tireshibil, muka yi ta tambayar gidan Hassana, ba wanda ya san ta. Layukan a matse, kowace ƙofa ka leƙa sai ka ga tsakar gida da ɗakuna a jere sun kewaye ta, irin gidan da suke kira kur. Sai da wani malamin allo da ke zaune a ƙofar masallaci ya ce, "Ko Maman Awusa kuke nufi, mai koko?" Ya nuna mana wata ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Ina shiga na gane gidan, ba da ɗakunan ba, da famfon tsakar gida. Dakalin simintin nan yana nan, wanda na faɗa a kansa na ɓalle haƙori. A da ina ganinsa kamar dutse, ashe ko gwiwata bai kai ba.

Tana zaune a bakin murhu tana tace gasara. Fuskar Iya ce sak, sai dai wannan ta fi ƙwari, kuma bakinta ya fi kaifi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan goshin na gidanmu ne. Talatu? Ke ce kika tsufa haka?" Muka rungume juna muna kuka, mutanen gidan suka fito suka kewaye mu suna ta faɗin akwaba, wato maraba.

Da aka natsa na ce ta nuna mini inda take kwana. Na shirya zuciyata don ganin abin tausayi. Ta ɗaga labule ta ce, "Ga antire-kushen nawa."

Ɗaki ne ƙarami, a share tas, da gado da sallaya da jeren kwanonin sha. Na ce, "Inna, don Allah ki daina kiran ɗakinki kushewa. Kalmar nan ce ta hana mu barci a Katsina."

Ta kafa mini ido. Sai ta ƙwala wa Hajiya Rabi kira, ta maimaita mata abin da na ce, su biyun suka yi ta dariya har Inna ta zauna a bakin gado tana share ido. Ta ce, "Kai, Katsinawa! Faransanci ne, 'yar nan. Antire, ka shiga. Kushe, ka kwanta. Ɗaki ɗaya ba falo, shi ke nan. Rabin garin nan a antire-kushe suke. Wato kun zauna kun yi mini zaman makoki ina nan ina dama koko?"

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don na tuna ciwon bayan da na sha a hanya. Amma na ce a raina ko ba kushewa ba ce, zaman kaɗaici ne, alkawarina yana nan.

A nan na lura da wata ƙofa a bangon ɗakin, ba ta waje ba, ta cikin bango, an fasa an yi mata labule. Na ce wannan fa? Ta ce, "Ɗakin Akisi ne. Shekarar da mazanmu suka rasu muka roƙi mai gidan ya bari a fasa." Ta ja ni muka shiga. Wata tsohuwa ce kwance, baƙa, siririya, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ga gicciye rataye a saman gadonta. Inna ta ce 'yar ƙabilar Bawule ce, tun kafin a haife ni suke maƙwabtaka, tukunyarsu ɗaya. Akwai kuma Mariyam, 'yar wata Bajula, wato wata ƙabilar Musulmin can, da ta rasu a gidan ta bar ta tana rarrafe. Su biyun suka raine ta, yanzu ita ke sayar da atamfa a kasuwar Tireshibil tana ciyar da su, ita da 'yarta ƙarama suna kwana a ɗakin Akisi.

Na gaida tsohuwar sama-sama na fito. Ba zan ɓoye muku ba, raina bai so ba. Na ce a raina, uwata guda, 'yar malamai, ta ƙare a ɗaki ɗaya da gicciye.

Na zauna a gidan na fara aikin da ya kawo ni. Kullum in kawo zancen tafiya, kullum Inna ta kawar da shi. In ce, "Ga ɗaki an gyara miki kusa da na Iya." Ta ce, "Miƙo mini ludayin can." Ina zaune ina kallon gidan. A duk ƙofofin nan ɗaya ce kawai ke da miji da mata da 'ya'yansu, wani tela. Sauran kowa da irin nasa haɗin: 'yan Nijar masu sayar da abincin nan mai sunan Malam sun cika ɗaki guda, wata da ƙannenta, wani direba da mahaifiyarsa. Amma yaro in ya yi laifi duk wanda ke kusa shi ke tsawata masa, in an sauke tukunya kuma kwano ya riƙa yawo ƙofa ƙofa. Ran Lahadi Mariyam, da ɗankwalinta da carbinta, ita ke kunna wa Akisi rediyon coci. In lokacin salla ya yi, Akisi ce ke buga gefen gado da hannunta mai lafiya don ta tuna wa Inna.

Ana haka sai ga wani mutum ya iso da jaka, mai furfura, sa'ana. Ya shiga ɗakin Akisi ya daɗe, ya fito ya zauna a benci ɗaya da ni. Na ja mayafi na matsa. Sai ya ce, "Sannu da hutawa, Hajiya. An zo lafiya? Ya mutan gida?" Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi, wadda 'ya'yan Hajiya Rabi ba su ko kama ƙafarta ba. Ya ce sunansa Kwajo, ɗan Akisi ne, a gidan nan ya tashi, a bakin murhun Maman Awusa ya koyi Hausa. Yanzu a garin Buwake yake aiki, can cikin ƙasar.

Na ce me ya kawo shi. Ya ce, "Dangi ne suka taru suka aiko ni in tafi da tsohuwa. Sun ce abin kunya ne a bar ta a Abijan ba ta da kowa."

Na ce, "Ba ta da kowa?"

Ya ce, "Haka suka ce. Ke fa?"

Na ce, "Ni ma an aiko ni in tafi da tawa. Ba ta da kowa."

Muka dubi ƙofar ɗakin. Ta cikin labule ana hango Inna ta tallafo kan Akisi tana ba ta koko da cokali, tana yi mata faɗa da wani yare da ba Hausa ba, ba Bawule ba, nasu ne su biyu. Kwajo ya ce wannan zuwansa na uku ke nan a kan maganar. Ya taɓa kai ta Buwake, ta rufe baki ta ƙi cin komai daga hannun kowa, har matarsa ta ce ya mayar da ita kafin a ce su suka kashe ta.

Ni dai ban saduda ba. Da yamma na sami Inna ita kaɗai na buɗe mata wuta. Na ce, "Inna, 'yar'uwarki da kuka kwanta ciki ɗaya tana can tana ƙirga kwana. Kunnenta ya tafi, idonta na bin sa. Ta riƙe hannuna ta ce in kawo ki. Za ki bar jininki saboda bare?"

Inna ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Bare. Tashi mu je."

Ta ja ni har gaban gadon Akisi, ta zaunar da ni, ta cire mini mayafi, ta sunkuya ta yi mata magana a kunne. Tsohuwar ta juyo da ido ta yi ta kallona. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita sai da wahala. Ta ɗago hannunta mai lafiya ta shafa goshina, ta gangaro ta taɓa leɓena daidai inda haƙorin nan ya taɓa ɓallewa. Ta ce, "Ajuwa."

Wallahi na san sunan. Ban san na san shi ba sai da na ji shi. Wani ne can cikin kaina yake amsawa tun kafin in buɗe baki.

Inna ta ce, "Haka suke kiran macen da aka haifa ran Talata. Namiji kuma Kwajo. Da aka haife ki Usaina ta yi ciwon nono, har muka fid da rai da ke. Akisi na goyon wancan mai furfurar da kike ja wa mayafi. Ta ɗauke ki ta sa a ɗaya nonon, har kika yi ƙwari. Je ki tambayi malamin ƙofar masallaci ko mece ce ita a wurinki, ko mene ne shi. Sannan ki dawo ki sake ce mini bare."

Ban je wurin malam ba, na san amsar tun ina islamiyya. Na kifa kaina a gefen gadon na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Akisi na bubbuga bayana tana cewa yako, yako, kalmar da suke faɗa wa wanda ke cikin wahala.

Daga baya Inna ta ce mini, a hankali wannan karon, "Kina zaton ba na son ganin Usaina? Ba ranar da ba na ganinta, ko madubi na duba ita ce. Amma ita tana da ku, gida guda. Wannan in na tafi, kafin in kai Legas an binne ta. Ki gaya wa Usaina haka, za ta gane. Ta san Akisi."

Kafin in taso, Kwajo ya kai ni tashar jirgin ruwa muka haye muka dawo ba don komai ba, ya saya mini soyayyar ayaba, yana ta tsokanata wai na sha masa rabin nono shi ya sa bai yi tsawo ba. Shi ma hannu wofi ya koma Buwake. Ran da zan tafi Mariyam ta kawo turmin atamfa daga kasuwa, Inna ta sa almakashi ta raba shi uku. Ta ɗaura ɗaya, ta lulluɓa wa Akisi ɗaya, ta ninke na ukun ta ba ni. Ta ce da can duk salla haka suke yi su uku, ita da Akisi da Iya.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, tunanin abin da zan gaya wa Iya ya ishe ni. Sai dai ga amsar masu tambayata ko da gaske a can ana zama ba miji ba dangi. Ana yi, da yawa ma. Amma da na shigo layinmu na dube shi da idon da na dawo da shi: gidan Hajiya Kulu ita da jikoki ne kawai, na kusa da shi maigidan yana Fatakwal sai salla salla, na gaba kuma zawarawa biyu ne ya da ƙanwa. Mu ma muna da su. Katangarmu ce ta fi tasu tsawo.

Na sami gidanmu cike kamar kullum, yara na guje-guje, matan ƙannena kowa na harkar gabanta. Aka yi mini sannu da zuwa, ana leƙa bayana ana neman Inna. Na wuce ɗakin Iya. Tana zaune a bakin gado, ga kwanon tuwo an ajiye mata a rufe ya huce. Ta dubi ƙofa, ta dubi bayana.

Na zauna kusa da kunnenta na faɗa mata duka, har da kalmar da muka ɓoye mata. Da ta ji "antire-kushe" sai ta fara dariya, dariyar Inna sak. Ta ce, "Da kun tambaye ni! Ke kanki a antire-kushe aka haife ki." Sannan ta ce, "Akisi na da rai?"

Na ce tana da rai, amma sai an ba ta a baki, kuma daga hannun Inna kawai take karɓa. Na ba ta zanen. Ta warware shi, ta shinshina, ta shimfiɗa a cinyarta tana shafawa. Ta daɗe a haka. Ta ce, "To ta zauna. Da ta biyo ki ta bar Akisi, da ni da kaina na kore ta."

Na ce, "Iya, ki yafe mini, na yi miki alkawari."

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakinta, bango huɗu da ƙofa ɗaya, hayaniyar gidan na wucewa ta waje. Ta ce, "Ka shiga, ka kwanta. Ashe dai ni ce a cikinsa."

Na tashi na ɗauki kwanon tuwon na kai aka ɗumama. Na dawo na wanke hannu na zauna a tabarma a gabanta, na buɗe, na sa hannu a ciki. Tun da na yi wayo ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da Iya ba, 'yar fari ba ta yin haka a gidanmu. Ta dube ni ta ce, "Wannan kuma a Tireshibil kika koyo shi?"

Na ce e.

Ta sauko daga gadon da kyar, da zanen a kafaɗarta, ta jawo kwanon tsakiya. Ta ce, "Matso da miyar nan kusa, Ajuwa."